Halas ɗin Mutanen Riyad

Ranar da Auta ta zo mini da maganar tafiya ina tsince shinkafa a tsakar gida. Ta durƙusa ɗan nesa da ni, ta riƙe wayarta da hannu biyu. Daga irin durƙuson na san an riga an gama shawara a wani wuri, ni aka bari a ƙarshe.

Ta ce, "Inna, na samu aiki a Saudiyya."

Na ce, "Aikin me?"

"Koyar da Turanci, na shekara ɗaya. Wani shiri ne da ake ce masa aiki da hutu. Mutum ya yi koyarwa, a ba shi masauki, in an yi hutu ya zaga ƙasa, ya yi Umara."

Na ajiye faifan. Aiki na sani, hutu na sani, amma tunda nake ban taɓa jin an ɗaura musu aure ba. Wanda ya ɗauke ka aiki ba hutunka ne ya dame shi ba. Sannan Turanci a ƙasar Larabawa? Mutanen da Allah ya saukar da Alƙur'ani da yarensu, me ya yi musu zafi da za su tsallake duk Turawan duniya su zo lungunmu su ɗauki 'yata?

Ni ban yi boko ba. Allo ma ban daɗe da riƙe shi ba aka ce in ajiye in kama aikin gida, wannan labarin ma faɗa nake ana rubuta mini. Amma na raini 'ya'ya, na binne miji, na kuma ga 'yan matan unguwa da aka kwasa da sunan aiki a Makka. Wata an ce mata shago za ta tsare, wata an ce asibiti. Duk a wanke-wanke da goge-goge suka ƙare a gidajen mutane. Wasu takardunsu suka mutu suka zama 'yan takari, zama ba izini, in sun ji jiniya sai ɓuya. Ɗaya daga cikinsu da rigar jikinta kawai aka sauke ta a Kano.

Na faɗa wa Auta wannan duka. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ita da digirinta za ta tafi, ba da tsintsiya ba. Ta ce makarantar kuɗin da take koyarwa a nan ta gaji da ita, shekara da shekaru wuri ɗaya kamar turmi. Ta ce kuma ai Yaya yana can.

Yayan nata shi ne ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa. Injiniya ne a Riyad, matarsa kuma ma'aikaciyar jinya. Washegari ya kira ni ya ce ya je da ƙafarsa ya ga wurin, cibiya ce ta koyar da mata da 'yan mata, ba namiji ko ɗaya a ciki, takardunsu kuma daidai suke. Na ce na ji. Na kira Auta na kafa mata sharaɗi guda.

"In na ga abin da ba shi aka faɗa mini ba, za ki dawo, ko da tsakiyar shekara ce. Kin yarda?"

"Na yarda."

"Ɗago ki dube ni ki faɗa."

Ta ɗago ta faɗa.

Watannin farko ban samu abin kamawa ba. Kullum sai ta kira ni da bidiyo. Ta nuna mini ajinta da farin allo, ta nuna mini kujeru, ta nuna mini gidan da aka ba su a unguwar Gubaira, ita da wata 'yar Sudan da wata 'yar Filifin. Yatsunta kullum da shuɗin tawadar abin rubutu. Har na fara cewa wataƙila wannan karon zargina ya faɗi ƙasa banza.

Sai bidiyon ya ɗauke. Kira ya koma na murya zalla, shi ma a gurguje. In na ce ta buɗe in ga fuskarta sai ta ce sabis ne ba kyau. Ƙasar da aka ce ko a cikin sahara waya tana kamawa. Na kira yayanta na ce ya nema mini bizar ziyara, ina so in yi Umara tun ina iya taka ƙafata. Gaskiya na faɗa masa, amma ba ita ke nan ba.

A wurina da, duk ƙasar sunanta Makka. Da muka sauka a filin jirgin Sarki Khalid na tambayi ɗana ta wane ɓangare Ka'aba take, ko za mu fara biyawa. Ya yi dariya ya ce tsakaninmu da ita kusan tafiyar Kano zuwa Legas ce. Wannan ne abu na farko da na ga ba haka na zata ba.

Na biyu kuwa kalma ce. Ma'aikacin da ya ɗauki hoton yatsuna ya miƙo mini fasfo ya ce, "Halas, Hajja." Na ji daɗi, na ce ka ga ƙasar addini, shigarka ma sai an tabbatar maka halas ce. Mai tura mana kaya ya sauke jakunkuna ya ce halas. Kwana biyu bayan nan na ji mai gurasa ya ce halas, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya ce halas, wata mata a bakin hanya ta finciki hannun ɗanta tana ce masa halas. Daɗin da na ji ya fara tsami. A garinmu mahaucin da ya cika rantsuwa a kan namansa ba na sayen nasa. Wanda kowane motsi sai ya ce halas, me yake rufewa? Ban tambayi kowa ba. Ba na tambayar abin da nake ganin na sani.

Gidan ɗana a unguwar Malaz yake, a saman wani bene, ƙasansa shaguna. A can na tarar da Auta. Ta rungume ni, ta rame, ta ce ta dawo nan ne don ta zauna da ni har in tafi. Ɗaki ɗaya aka ba mu. Da ta shiga wanka na duba ƙarƙashin gado. Akwatunanta duka suna nan, da dutsen guga, da tukunyarta, har da labule a naɗe. Mai zuwa taya uwa zama na ɗan lokaci ba ta cire labule.

Wata safiya ina falo ina jan carbi, ita tana kicin tana soya ƙwai, aka kira ta. Ta ɗora wayar a kan firji ta buɗe murya, don ta san ba Turanci ba Larabci a kunnena. Mace ce ta kira. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ba sai ka iya yare kake gane roƙo ba. Muryar 'yata ta yi ƙasa, irin wadda take yi mini tana ƙarama in ta fasa tangaran. Matar ta bari ta gama, sannan ta ce, "Halas, ya ustaza. Halas. Halas." Ta kashe.

Daga inda nake na ce, "Mene ne halas ɗin?"

Sai da ta juya ƙwan sannan ta amsa. "Mudirarmu ce, shugabar cibiyar."

"Wace ce na tambaye ki? Cewa na yi me ta halatta miki."

"Zamana a nan ne, Inna. Na faɗa mata na bar gidan malamai na dawo wurinki, ko akwai laifi. Ta ce halas ne."

"Har sau uku?"

"Haka suke magana."

Kalmar fara ce, muryar da ta ɗauko ta baƙa. Amma mutanen nan ko gaisawa suke yi sai ka ɗauka faɗa ne, don haka na ajiye maganar a gefe. Ajiyewa na yi, ban zubar ba.

Na zuba ido. Malamar makaranta da safe take fita, wannan ko jahili ya sani. Auta sai bayan la'asar take saka abaya. Ta ce an mayar da ita ajin yamma. Ina leƙawa ta taga in ga motar da ta zo ɗaukarta, yau fara, gobe ruwan toka, ba mota ɗaya ba direba ɗaya. Yatsunta fes, ba tawada. A jakarta kuwa katuna ne masu hoton kyanwa da ayaba, da alawa, alhali ta ce mini ɗalibanta manyan mata ne, wasu har da jikoki.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙamshi. Mutanen ƙasar nan kowane gida da turaren wutarsa, kuma yana kama tufafi. In ta dawo ta rataye abayar, sai in wuce ta kusa da ita kamar zan ɗauki wani abu. Ranar Lahadi wani ƙamshi, ranar Litinin wani daban, ranar Talata na Lahadi ya dawo. Makaranta ɗaya ba ta sauya ƙamshi kullum. Wata rana kuma ta shigo da shinkafa da nama a naɗe cikin takardar gwangwani, ta ce ɗaliba ce ta ba ta. Na buɗe na duba. An ci gefe ɗaya an gyara da cokali.

Na ce ina so a kai ni cibiyar in gaida mudira, in yi mata godiyar riƙe mini 'ya. Auta ta ce ba a barin baƙi su shiga. Bayan kwana biyu na sake faɗa, ta ce ana jarrabawa. Na uku ta ce mudira ta yi tafiya. Duk sanda na ta da maganar, yayanta sai ya ga wani abu a cikin kwanonsa da yake buƙatar dubawa.

Da lokacin Umara ya yi, ni da shi muka tafi. Wadda aka ce za ta yi aiki da hutu ta ce ba ta da hutu. Na yi ɗawafi, na sha zamzam, na roƙi Allah abubuwa da yawa. A cikinsu na roƙa ya nuna mini abin da ake ɓoye mini, ko da ba zan so shi ba.

A wurin mai tumatir ya nuna mini.

Surukata ce ta samu hutu wata Asabar, ta ce in zo ta kai ni wajen Gubaira, akwai inda ake samun kuka da busasshiyar kuɓewa, in zaɓa da kaina tunda na ce wadda take sayowa tsohuwa ce. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa kirana da ke ba, sai ku. A asibiti ta koyi Larabcin titi, ta fi mijinta iyawa. Muka gama da kuka muka tsaya wurin wani mai kayan miya. Yana zuba tumatir a leda, yana zubawa, sai ta ɗaga hannu ta ce masa, "Halas, halas."

Na ce, "Ke 'yar nan, ya za ki ce masa halas tun bai ɗora a sikeli ba? In ya tauye miki kin riga kin yafe masa ke nan."

Ta dube ni, sai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Na faɗi abin dariya ne?"

"Ku yi haƙuri, Inna. Ba halas ɗinmu ba ne. Nasu daga maƙogwaro yake fitowa, kamar mai kaki. Khalas. Cewa na yi ya isa haka."

"Ya isa?"

"Ya isa, an gama, shi ke nan. Ba ruwansa da halas da haram. In na gama yi wa marar lafiya allura, khalas. Yaro ya ƙoshi ya ture kwano, khalas. Miji ma in ya gaji da mace, khalas." Ta sake yin dariya. "Wato duk zaman nan kun ɗauka fatawa suke ba ku?"

Mai tumatir ya miƙo leda. Na karɓa na riƙe. Na tuna ma'aikacin filin jirgi, na tuna matar da ta finciki ɗanta, kowanne ya koma mazauninsa. Sai na iso kan firji.

Na ce, "To in shugaba ta faɗa wa ma'aikaciyarta shi sau uku, ta kashe waya tun ba a yi sallama ba fa?"

Dariyar ta tsaya. Surukata ta sunkuya kan kwandon albasa, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki waccan, alhali da albasa buhu guda muka baro gida.

Na ce, "Bar ta haka. Kin amsa."

Ban yi magana a ranar ba. Washegari bayan la'asar Auta ta fito da abayarta da jakarta, ta tarar da ni zaune a kujera bakin ƙofa, na sa hijabi, na sa takalmi.

"Inna, ina zuwa?"

"Wurin aikinki. Matar da ta ce miki halas har sau uku ba za ta hana uwarki gaishe ta ba."

Ta juya ta dubi matar yayanta. Ita kuwa ta tuna ta bar wani abu a kan wuta. Auta ta zauna a kan akwatin takalma, jakar a cinyarta.

A nan ta faɗa mini. Ajin nata ɗalibai suka yi kaɗan, cibiyar ta rufe shi, aka sallame ta tun kafin in zo, aka karɓe ɗakin. Takardar zamanta a ƙasar, iƙama, a hannun cibiyar take, don su ne kafilanta, su suka ɗauki nauyin shigowarta. Sun ba ta wa'adi ta samu wata makarantar da za ta karɓi nauyin, in ba haka ba su buga mata hatimin fita daga ƙasar. Ran nan a kicin ƙarin lokaci take roƙo. A yanzu gida-gida take bi tana koya wa yara Turanci, wasu tsofaffin ɗalibanta ne suka haɗa ta da iyayen yaran.

Na ce, "Ke kika ce mini halas ne."

"Ke kika fara faɗa, Inna. Ni ban gyara miki ba ne kawai."

"Kin iya Turanci, kin iya Larabci, yanzu kin ƙaro da lauyanci. Tashi mu je in ga inda kike zuwa."

Mota ta kai mu can arewacin gari, unguwar manyan gidaje masu dogayen katangu. Ga babbar ƙofa da fitilu, amma Auta ta zaga ta gefe ta danna ƙararrawar wata ƙarama. Ta ce ƙofar mata ce, kowane gida haka yake. Wataƙila. Ni dai na ga tukunyar gas da kwandon shara a bakinta.

Ba zan yi wa matar gidan ƙarya ba, ta karɓe ni da mutunci. Ta sumbaci kaina, ta zaunar da ni, ta kawo gahawa da dabino da hannunta. Yara mata biyu suka rugo suka rungume Auta. Ta zaunar da su a tebur ta fito da katunan nan. Tunda na haife ta ban taɓa ganinta tana koyarwa ba sai ran nan. Ƙaramar yarinyar ba ta son buɗe baki, Auta ta ɓoye katin a bayanta, ta yi kukan kyanwa, ta yi kamar ta manta sunan, har yarinyar ta kasa daurewa ta faɗa mata da Turanci. Muryar Auta ba irin ta kan firji ba ce. Na ce a raina, ashe yarinyar nan ta iya abinta.

Ana cikin haka matar gidan ta fito da shirin fita, jariri a kafaɗa. Mai aikinta tana can ciki tana guga. Matar ta yi wa Auta magana tana murmushi, ta miƙa mata jaririn. Auta ta karɓa ba tare da ta ɗaga kai ba, ta ɗora shi a cinya, ta ci gaba da darasi da hannu ɗaya. Yadda hannun nan ya tafi da kansa, ba ran nan aka fara ba. Da yaron ya yi tumbuɗi ta san aljihun da tsumma yake.

Muka dawo ana kiran magariba. Bayan an yi salla na ce a kashe talabijin, kowa ya zauna.

Ɗana ya riga ni. "Inna, ana kan nema. Akwai makarantar da ta ce tana sonta, amsa suke jira daga sama."

"Tun yaushe suke jira?"

"An ɗan jima."

"Wannan bin gidaje da take yi, hukumar nan ta yarda da shi?"

Ya shafa gemu. Ya ce a gaskiya iƙamarta ba ta ba ta izinin yi wa kowa aiki ba sai cibiyar, in aka kama akwai matsala, amma ba kasafai ake bincike ba.

"Kai ka je da ƙafarka ka ga wurin, ka kira ni ka faɗa mini. Da aka sallame ta ƙafar ce ta yi ciwo ko wayar ce ta lalace?"

Na juya kan Auta. "In wa'adin ya cika ba su amsa ba fa?"

Ta ce, "Mutane da yawa suna zaune haka, Inna. Ba wanda ya kula su."

Wannan maganar na san ta. Na ji ta a bakin uwayen yaran unguwarmu, suna maimaita abin da 'ya'yansu suka faɗa musu a waya. Ban taɓa zaton zan ji ta a bakin mai digiri ba.

Ta ce, "Ba aikatau nake yi ba. Koyarwa nake, kin gani da idonki."

"Na gani. Kin iya, Allah ya ƙara basira. Na kuma ga an miƙa miki jariri kin karɓa."

"To in yar da shi?"

"A cibiyar mudira ta taɓa miƙa miki nata? Matar nan ba muguwa ba ce. Ta dai san ba ki da inda za ki kai ƙara. Yau kina da sauran takarda ta ba ki jariri. Ran da takardar ta mutu, me za ta ba ki?"

Hawaye suna zubo mata, ba ta share ba. Can ta ce, "In na koma me zan ce wa mutane? Har walimar bankwana aka yi mini a makaranta. Aka ba ni kyautar akwati."

"Ki ce musu uwarki ce ta dawo da ke. Sun san ni, ba wanda zai yi mamaki."

"Ki ba ni wata biyu kawai, Inna."

"Wa'adinki ya kai wata biyu?"

Bai kai ba. Na tuna mata abin da ta ɗago ta dube ni ta faɗa a tsakar gida. Ta ce wancan alkawari ne a kan in an yaudare ta, ita kuwa ba a yaudare ta ba, aji ne ya mutu. Na ce ni ban ce in an yaudare ki ba, cewa na yi in na ga abin da ba shi aka faɗa mini ba. Yayanta ya buɗe baki zai sa baki, na ce masa ya saurara da kyau, don maganar ta shafe shi.

"Ba zan hau jirgi ba sai da ita. In bizata ta ƙare, sai mu zama 'yan takari mu biyu, a gidanka, a ƙarƙashin sunanka."

Ya dube ni ya ga ba wasa a fuskata. Kafin mako ya zagayo ya je cibiyar da kansa ya ce su buga mata fitar.

A jirgi kujerarmu ɗaya kusa da ɗaya. Ta ɗaura mini bel, ta buɗe mini abinci, ta raka ni bayi ta tsaya a ƙofa. Duk abin da 'ya take yi wa uwa ta yi. Magana ce dai ba ta yi ba, daga Riyad har Kano.

Makarantarta ta da ta sake ɗaukarta. Bayan wani lokaci, wata safiya ta zo gaishe ni, ta durƙusa, ta ce Yaya ya kira, makarantar nan ta Riyad ta neme ta.

Na ce, "Kafin wa'adin ko bayansa?"

"Bayansa."

"To."

"Da 'yan kwanaki ne kawai, Inna. Da an san yadda aka yi."

Wataƙila da an sani, wataƙila da ba a sani ba. Ni ba na ajiye 'yata a kan wataƙila. Ban faɗa mata haka ba, na ce ta miƙo mini buta.

Yanzu muna zaune lafiya. Tana wanke mini kaya, tana sayo mini maganin ƙafa tun bai ƙare ba. Amma ba ta ƙara kawo mini wata shawara ba, ko ta sayen atamfa. Kwanakin nan in ta dawo daga makaranta takan shige ɗaki ta tura ƙofa, sai in ji wata murya daga wayarta tana faɗin kalmomi ɗaya-ɗaya, ita tana maimaitawa a hankali. Turanci na san amonsa, Larabci ma yanzu na san nasa. Wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Na bi 'ya'yana da dangina ɗaya bayan ɗaya a raina, ban samu wanda yake zaune a ƙasar da ake irin wannan yaren ba.

Ban tambaye ta ba tukuna. Na dai matsar da tabarmata kusa da tagarta.